Zaren da Na Kwance a Lambun Kaka

Shin Kaka ta sani, ko kuwa ba ta sani ba? Shekara hamsin da 'yan kai ke nan ina juya wannan tambaya a raina, kuma duk wanda zai iya ba ni amsa ya riga ni tafiya. Na ɗauka tsufa zai dusashe ta. Sai ga shi bana, ina cikin takabar maigidana, matar ɗana ta sayo wani jan furen roba ta kafa a kan tebur, wai don ɗakin ya yi haske. Na miƙa hannu na taɓa shi, na ji shi sandararre, ba sanyi ba ɗumi. Nan take tambayar ta dawo ta zauna kusa da ni a kan tabarma, har yau ba ta tashi ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, idan kuka ya zo mu dakata har ya wuce. Saboda haka, mai karatu, in ka ga magana ta karkace, ka yi haƙuri da tsohuwa.

A unguwar Dawaki ta garin Gombe aka haife ni, a wani gidan ƙasa mai zaure ɗaya. Asalinmu mutanen ƙasar Kano ne. Kakana namiji ya biyo fataucin auduga ya zo Gombe, fatauci bai karɓe shi ba, sai ya ƙare a matsayin mai lambu a gidan wani Bature na kamfanin auduga. Ya yi shekaru masu yawa yana shuka abin da ba a ci, yana yankowa da sassafe, uwargidan Baturen tana jerawa a cikin kwalabe. Da aka sami 'yancin kai, Turawa suka fara ɗaure kaya, sai ya dawo gida da ƙulli biyar na iri a cikin tsumma. Ya shuka su a bayan ɗakin Kaka, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa. Damina uku ya yi yana shukawa, Allah ya karɓi abinsa. Ban san fuskarsa ba, ina goye a lokacin.

Kowa ya zaci lambun zai bi shi. Kaka kuwa tana fita takaba ta ɗauki fartanyarsa.

Sunana sunanta ne, don haka babu mai kiran sunan a gidan, ita kuma takwara take ce mini. A ɗakinta na tashi, a lambunta na yi wayo. Furannin ba su da suna da Hausa, sunan Turancin kuma ya tafi da mai shi, sai ta raɗa musu nata. Akwai 'Yar Rawaya, wadda warinta ke kwana a hannu ko an wanke da sabulu. Akwai Maɓalli, ɗan ƙarami mai ruwan shuni, wanda ko ya bushe ba ya sake kama. Akwai Mai Rangaji, doguwa siririya, iska kaɗan sai ta hau lanƙwasa. Sannan akwai wasu biyu da ganyensu iri ɗaya ne sak, mai kaushi kamar harshen saniya, kuma dukansu ba su da ƙamshi. Ɗayan furensa fari-fari ne, zubi ɗaya, shi take kira Koɗaɗɗe. Ɗayan kuwa ja ne mai duhu, zubi a kan zubi, cike kamar dunƙulen hannu. Shi ne take kira Mai Gida.

Ban taɓa jin ta ambaci kakana da wata magana mai taushi ba, matan zamaninsu ba sa yi. Amma kowace safiya, bayan ta idar da salla, sai ta ce mini, takwara, leƙa ki gani ko Mai Gida ya tashi. Ni kuma in ce ya tashi, yana tambayar ina kokonsa. Ta ce, marar kunya, je ki ba shi ruwa.

Waɗannan furanni ba kamar bishiya ba ne. Damina ɗaya suke yi su mutu. In kana son ka sake ganinsu baɗi, sai ka adana irinsu da hannunka. Haka muke yi kowace shekara. Ba ma shuka da ruwan farko, sai na biyu ya sauka ƙasa ta sha sosai. Kaka takan jera fasassun tukwane da tsofaffin kwanuka a inuwa, ta cika su da yashi da tsohon takin awaki, ta barbaɗa iri, ta rufe da busasshiyar ciyawa. Idan tsiro ya yi ganye huɗu, sai mu dasa shi da la'asar sakaliya, don kada rana ta same shi da rauni. Idan ya kai tsawon taƙi, sai ta sa farce ta tsinke kansa. Ranar da na fara ganin haka na fashe da kuka, na ce ta kashe su. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce in jira. Bayan mako biyu, kowane kai da ta tsinke ya fito da rassa uku ko huɗu.

Yankan fure kuwa kafin rana ta fito ake yi, da wata tsohuwar aska ta kakana. Sai ta kama kara ta girgiza shi a hankali. In wuyan ya yi lagwai-lagwai ta bar shi, in ya tsaya ƙyam ta yanke, ta zage ganyen ƙasa, ta tsoma a bokitin ruwa. Ni ce mai ɗaurewa da zaren rama, manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Ta sha gaya mini cewa wannan shuka, iya yankanki iya bayarwarta, in kika ji tausayinta kika bari, sai ta yi iri ta kwanta. Na riƙe wannan magana da kyau. Da ma ban riƙe ta da kyau haka ba.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa. A kowane layi, furen da ya fara fitowa kuma ya fi cika, Kaka takan ɗaura masa baƙin zare a wuya. Mai zare ba na aska ba ne. Shi ake bari ya tsufa a jikin uwarsa, ya koɗe, ya yi baƙi, ya bushe ƙamas. Sannan a tsinko, a murza a faifai, a sheƙe, a gauraya da toka, a zuba a 'yar gora, a toshe bakinta, a rataye a ɗaki. Kafin ta zuba, takan ɗauki ƙwaya ɗaya-ɗaya ta matsa tsakanin yatsunta. Mai ciki yana da tauri. Marar ciki kuwa lafe yake kamar ɓawon albasa, shi sai ta hure shi ya tafi.

Babbar mai karɓar furenmu wata malamar asibiti ce, Batangala Kirista, da ke zaune a unguwar Herwagana. Sista kowa ke ce mata. Kowace Asabar takan zo a kan keke da kwando a baya, ta karɓi dami uku ko huɗu na cocinsu, wani lokaci har da na gidajen manyan ma'aikata. Mama take ce wa Kaka, kuma ba ta shigowa hannu sake, ko sabulu ne ko sukari sai ta riƙo. Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa aiko wa Baba cewa bai dace furen gidan Musulmi ya riƙa kwana a coci ba. Da Baba ya isar da saƙon, yana sunkuyar da kai, Kaka ta ce a gaya wa dattijon wanda ya halicci furen bai rubuta masa inda zai je ba, kuma ranar da ciwon haƙori ya kama shi, Sistar ce ta duba shi. Ba a sake maganar ba.

Shekarar da abin ya faru ina da sha biyu. Shekarar ce aka canza kuɗi, aka bar fam da sule. Garin ya fara cika da sababbin motoci da babura, ana ta maganar arzikin mai, kowa na son ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo. Amma sama ta ƙi. Ruwa ya sauka sau biyu muka shuka, sai ya ɗauke sama da wata guda. Tsiron ya ƙone a cikin tukwane muna kallo. Gombe da ma garin wahalar ruwa ne, a shekarar kuwa 'yan garuwa sai an bi su ana roƙo. Da ruwa ya dawo can tsakiyar damina, Kaka ta zazzage gorunan nan kaf, ta shuka abin da ya rage. Na ga ta juya gorar Mai Gida ta bubbuga gindinta a tafin hannu. Babu sauran ƙwaya ko ɗaya a ɗaki. Tushe bakwai ne suka rayu a layinsa, kuma da ruwan alwalarta da na wanke-wanke muka raine su.

A shekarar ce kuma yanar ido ta ci ƙarfin Kaka. Tun tana ganin mutum kamar a bayan labule har ta koma sai dai haske da duhu. Da Mai Gida ya fara buɗewa, a makare, damina na shirin tafiya, da lalube ta bi layin. Ta shafa kowane fure, ta zaɓi biyar, ta ɗaura musu baƙin zare da hannunta. Bayan kwana uku Baba ya ɗauke ta a jirgin ƙasa don a duba idon a Kano. Tana fita zaure ta damƙa mini askar, ta ce lambu yana hannuna.

Ba su daɗe da tafiya ba Sista ta zo da labarin auren 'yarta, wata malamar makaranta. Ta ce al'adarsu amarya takan riƙe fure a hannu ranar ɗaurin aure, kuma ta so a ce daga lambun Mama ya fito. Ta dubi lambun, ta ga yadda fari ya bar shi, ta ce in haɗa abin da ya samu ko kaɗan ne, amma kada in taɓa masu zare. Ita ma ta san dokar.

Ranar Asabar da sassafe na yanka abin da ya samu. 'Yar Rawaya ƙanana, Maɓalli 'yan kaɗan, Koɗaɗɗe guda shida. Na ɗaure, na riƙe a hannu na duba, sai na ga kamar tsintsiyar da ta ƙare. Ga masu zare nan biyar a gabana, raɓa a kansu, kowanne ya cika ya batse. Na tuna matan gidanmu da ke cewa da Kaka ta shuka kuɓewa a wurin da an ƙaru. Na so garin nan ya ga abin da ke fitowa daga bayan ɗakinmu. Sai na ce wa kaina, ai Kaka da bakinta ta ce iya yankanki iya bayarwarta. In na yanka yau, kafin ta dawo wasu sun fito, in mayar musu da zaren. Ban tsaya na dubi sama ba. Wannan magana ta tsakiyar damina ce, ni kuwa na ɗauko ta a ƙarshenta.

Na kwance zaren ɗaya bayan ɗaya, na cusa a bakin zanina. Har yanzu ina jin ƙarar askar a kan karan, sau biyar.

Da na kai damin Herwagana, Sista ta gan shi ta yi turus. Ta tambaye ni ko ba masu zare ba ne waɗannan. Na ce Kaka ce ta bar sallahu kafin ta tafi, ta ce in an tashi bikin a ba amarya. Ban san daga ina ƙaryar ta zo ba, sai jin ta na yi a bakina a shirye. Idon Sista ya ciko, ta rungume ni. Na tsaya a wajen shingen cocin, a gindin wani dogon yaro, har aka fito. Amarya cikin farin kaya, jan nan a ƙirjinta, mata suna guɗa, wasu suna miƙa wuya suna tambayar ina aka samo. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma na ji daɗi. Wannan jin daɗin ma yana cikin abin da nake nema wa gafara.

Ruwa bai sake sauka ba. Tushen nan bakwai suka fitar da wasu 'yan kawuna, ƙanana kamar kan yatsa, na ɗaura musu zaren. Ruwan wankana nake ragewa in kai musu, wani lokaci har na sha. Suka ɗan buɗe, ja-ja, sannan ganyen ya fara nannaɗewa daga ƙasa. Kafin Kaka ta dawo sun bushe a tsaye.

Ta dawo ba ta gani ko kaɗan. An ce an makara. Kwana biyu da dawowarta Sista ta zo gaisuwa, ina zaune a bakin ƙofa. Ta yi jaje, ta yi godiya, sannan ta ce, Mama, har yau mutane suna tambayata ina aka sami ja irin wannan. Sai Kaka ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ai aikin takwara ne. Ko ta ɗauka ƙananan rassa na yanka, ko ta gane, ban sani ba.

Ranar murzar iri ta sa na kawo mata faifai. Muka yi 'Yar Rawaya, muka yi Maɓalli, muka yi sauran. Da aka zo kan Mai Gida na zuba mata 'yan busassun kawunan nan a tafi. Ta murza. Ta ɗauki ƙwaya ta matsa, ta ajiye. Ta ɗauki wata ta matsa. Ina kallon yatsunta, na san abin da suke ji, domin ni ma na matsa su a ɓoye, duk lafe suke. Na jira ta hure su. Ba ta hure ko ɗaya ba. Ta tattara duka har da ƙaiƙayin, ta ce, bana fari ya taɓa kowa, kawo toka. Ta zuba a gora, ta toshe, ta ba ni na rataye.

Watannin ranin nan duka, gorar tana rataye a saman inda nake kwanciya. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa. Sai in ga ta zaune tana jan carbi, fuskarta a wajen ƙofa inda take jin iska, in ce bari sai gobe. Kuma a raina ina cewa wataƙila a cikin ƙwayoyin akwai guda ɗaya mai ciki.

Damina ta dawo da ruwa mai kyau. Ni na yi shukar, tana zaune tana ba ni umarni. Kowane kasko ya tsiro, ban da na Mai Gida. Na jira kwana bakwai, na jira goma, na tona yashin da tsinke, ban sami komai ba sai toka. Kowace safiya tana tambaya ko ya tashi. Ranar sha ɗaya na ce ya tashi. Na ciro tsiron Koɗaɗɗe, tunda ganyensu ɗaya, na dasa a layin Mai Gida. Da na kamo hannunta na kai ta, ta tsuguna ta shafa ganyen, ta ji kaushinsa, ta yi murmushi, ta ce, ka sha wuya bara, sannu.

Da suka fara fure, sai ta ƙara wata tambaya a kan ta kullum. Ta ce tunda Allah ya karɓi idonta, ni ce idonta, in faɗa mata yadda jansa yake. Ina tsaye a gaban fure fari-fari kamar tsohon zane, na ce ja ne kamar zoɓon da aka jiƙa tun jiya. Washegari na ce kamar garwashi idan an hure masa toka. Wata rana na ce kamar lallen amarya a tsakiyar tafi. Kullum sai na nemo sabo, ina tafiya ɗiban ruwa ina tunanin abin da zan ce gobe. Ita kuma ta gyaɗa kai, wani lokaci ta ce haka yake, haka na san shi. Idan ta nemi in kai ta layin, sai in ɗora hannunta a kan ganye, in ce furen yana da rauni, ko in ce akwai ƙudan zuma a kai. Ba ta taɓa matsa mini ba.

Asabar ɗin farko da Sista ta shiga lambun a wannan damina, ta dubi layin, ta dube ni. Kaka daga bakin ƙofa ta ce, Sista, kin ga Mai Gida bana? Sista ta ce, na gan shi, Mama, yana nan tsaye. Da na raka ta zaure ta riƙe keken ba ta hau ba. Ta tambaye ni ko da gaske Mama ce ta ce a ba amarya. Na girgiza kai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ashe ita ma da hannunta a ciki, tunda ta karɓa. Mako na gaba ta zo da busasshen damin, ashe amaryar ta adana shi a akwati. Muka murza kawunan a bayan zaure mu biyu, muka shuka a wani kwano a gidanta. An yanke su da wuri, babu abin da ya fito. Ta ce mini, 'yata, ki gaya mata tun tana da rai, nauyin nan ya fi ƙarfinki. Na ce to.

Wata rana da hantsi, ina tsefe mata kai, Kaka ta yi maganar da ba ta taɓa yi ba. Ta ce zanen da kakana ya saya mata duk sun tsufa an yi tsumma da su, ɗakin da ya gina ma an sake masa rufi sau biyu. Abu ɗaya ne ya bari da yake dawowa kowace shekara kamar ranar da ya kawo shi. Ta ce in ta tafi, kada in bari ya yanke a hannuna. Ina riƙe da gashinta, hawayena yana ɗiga a kan wuyanta. Ta ce, takwara, ruwa ake yi ne? Na ce zufa ce.

A tsakiyar wannan damina zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana tara, ranar Alhamis ta cika.

Ba a yi shekara ba Baba ya sa aka share lambun, aka yi ɗakuna uku na bulo aka zuba 'yan haya, ma'aikatan da suka cika garin a lokacin. Ba ni da bakin hana shi. Sista ta koma garinsu da ta bar aiki, can ta rasu. Na girma, na yi aure, kuma a duniya maigidana kaɗai na gaya wa wannan labari. Direban babbar mota ne. Duk lokacin da hanya ta kai shi Jos sai ya sayo mini irin fure a 'yar takarda mai hoto, ya ajiye mini a kan gado. Na shuka su a tukwane shekara da shekaru. Ja yana fitowa, mai kyau ma, amma ba shi ba ne. Idan abin ya taso mini, sai ya ce, ke dai, tsohuwar nan ta sani, makaho ai da yatsa yake gani, ta sani kuma ta yafe. In ce masa, kana wurin? Ya ce ba ya wurin, amma ya san tsofaffi.

Yanzu shi ma ya tafi. Ina zaune a unguwar Gabukka a gidan ɗana, tsakar gidan duk siminti, ko inda za a zubar da ruwan alwala ƙasa ta sha babu. Amaren yanzu furen roba suke riƙewa, a gama biki a goge shi a ba wata. Hularsa tana nan, da rediyonsa, da buta. Ina taɓa su, amma kullum ƙara tsufa suke, babu wanda zai tsiro mini idan ruwa ya sauka. Sai yanzu, da furfura a kaina, na san girman abin da na yanke da askar nan. In ta sani, to ta zauna damina guda tana sauraron ƙaryata don kada ta karya ni, ita da aka raba da abu na ƙarshe da mijinta ya bar mata. In kuwa ba ta sani ba, to na bar ta ta tafi tana gaida baƙo a matsayin Mai Gida. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Kullum ina roƙa mata rahama, ina roƙa wa kaina gafara.

Na bar safiyar Alhamis ɗin a ƙarshe, domin ita ce ta fi yi mini wuyar faɗa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Inna, mahaifiyata, ta fita dama wa Kaka koko, saura ni da ita. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce in ɗauki aska in yanko mata Mai Gida guda ɗaya, wanda ya fi cika. Babu yadda zan yi. Na je na yanko Koɗaɗɗe, na sa mata a hannu. Ta kai shi kan ƙirjinta, ta sa babban yatsa tana zagaya shi a hankali. Zubi ɗaya ne, yatsan ya zagayo ya dawo inda ya fara. Ta sake zagayawa. Na durƙusa, na ce, Kaka, akwai maganar da nake so in gaya miki. Sai ta lalubo hannuna da ɗaya hannun, ta riƙe shi gam, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, ta juyo da fuskarta wajena.

Ta ce, "Bari, takwara. Faɗa mini jansa tukuna. Kin fi kowa iya faɗa."